Agogon da Aka Rataya a Sama

Shekara talatin da huɗu ina gyaran agogo
a bakin kwatar Nima, kusa da mai koko,
gilashi manne a idon dama
har na hagu ya koyi barci da rana.

Barikisu a ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe,
ita ke tsinto min kusoshi in sun faɗi.
Yanzu kujerar dama take zama
a jirgin da ke zuwa Tamale ya dawo.

Na taɓa tambayarta: in hadari ya rufe Akara,
ba teku, ba fitilun Osu, ba titin Madina,
wa ke nuna muku ƙofar gida?
Ta ajiye ƙunshin wake da shinkafa, ta ce,
"Baba, ai abokan sana'arka ne.
Taurarin ɗan'adam agogo ne aka rataya a sama,
kowanne na faɗin lokacinsa, ba ya hutawa.
Jirgi ya saurari huɗu ko fiye,
ya ga wanne ya makara, kuma da nawa.
Jinkirin saƙo shi ne awon nisa.
Da haka yake sanin inda yake."

Na yi dariya har gilashin ya faɗo.
Ni da ake zagi a kan minti biyar!
Su ƙiftawar ido ma ta yi musu tsawo.

Jiya ruwa ya kece tun la'asar,
kwata ta cika, ta kwaso robobin unguwa,
aka ɗauke wuta. Tetteh mai walda ya ja ƙofarsa.
Ni na zauna da agogon wani direban tirotiro
da ya bari tun azumi bai waiwayo ba.
Takwas saura kwata na ji rugugi
can cikin gajimare, ko ƙyallin fitila babu,
yana saukowa sannu
kamar mai bin igiyar da ba wanda ya ɗaura.
Na ce ita ce.
Ban san ko ita ce ba.

Tara da minti goma waya ta haska:
"Mun sauka. Ka sha maganinka?"

Na duba lokacin da ta aiko,
na duba lokacin da ya iso.
Minti shida tsakani, ruwa ya jiƙa layi.
Na yi lissafi irin nasu a bayan takardar koko.
Ashe nisan
bai kai yadda nake tsoro ba.

Maganin kuwa ban sha ba.
Na tashi na nemi kofi a duhu.