Bangon Rumfar Hansai

Cindo mai zanen bayan motoci
ya ci bashin tarwaɗa tun kaka.
Hansai ta ce, "Na san aljihunka rami ne.
Ga bango nan, biya ni da fenti."

Kwana tara yana kan turmi a tsaye,
yatsunsa shida duk sun yi shuɗi.
Ya fara da kasko, don shi ne babba a nan,
ya sa man gyaɗa yana tsalle,
dankali yankan tsaye, yaji a murfin kwano,
ƙurungu ya tanƙware kamar mai jin sanyi.

Sai ya shiga ɗora mu ɗaya bayan ɗaya.
Ga Nomau da homa a kafaɗa,
yana rantsuwa kan giwan ruwan da ya kuɓuce masa,
kullum kifin ƙara tsawo yake.
Ga malamar asibiti da ledarta ta yamma,
ga 'yan acaɓa uku kan tire ɗaya,
ga kyanwar da ba ta kowa ba
tana gadin ƙaya.

Ni ma ina ciki, ta gefen tulu.
Ya ba ni kunnuwa kamar faifai.
Na yi ƙorafi, rumfa ta ce, "Ai ragi ya yi maka."

A ƙarshen benci ya zana Baba Korau,
wanda ruwan Haɗeja bai dawo da shi ba bara,
hularsa a karkace, hannu a miƙe
yana jiran kan karfasa, rabonsa na kullum.
Ran nan ba wanda ya yi gardamar ƙwallo.
Hansai ta juya baya, ta ce albasa ce.

Yanzu wata bakwai ke nan.
Hayaƙi ya fara cin gajimaren Cindo,
farar rigar malama ta koma ruwan ƙasa.
Ya zo da buroshi zai gyara,
Hansai ta tare shi da matsami:
"Bar shi. Mu ma haka hayaƙin ya yi mana."

In ka sauka a tashar garinmu bayan magariba,
bi ƙamshin, ya fi kowa sanin hanya.
Zauna inda ka samu,
ban da ƙarshen benci.
Akwai mai wurin.