Tagar Rufi

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a Temuco,
ban taɓa sakar wa kowa sitiyari ba.
Griselda kuwa, lasisinta na kwance a gwangwanin alewa
tare da maɓallai da haƙorin farko na ɗanmu.

Da na ajiye aiki muka sayi farar motar nan mai ɗaki.
Gadonta ya gaza mini da taƙi guda,
rishonta ido biyu, ɗaya makaho.
Juma'a da yamma mu nufi Lican Ray,
ko bakin teku a Mehuín, inda iska ta sace mana tawul,
Lahadi mu dawo da yashi a cikin sukari.
Ita ke riƙe taswira, ni ke riƙe gardama.

Ran nan muna wanke kwanuka ta ce,
mu yi kudu mana, har inda hanya ta gaji.

Jirgin fito ya haɗiye mu a Hornopirén,
ya amayar da mu cikin ruwan sama.
Kwana tara safarmu ba ta bushe ba.
Muka yi faɗa a kan gishiri,
muka shirya a kan kifin da wata tsohuwa ta sayar mana
naɗe a jaridar bara.

Bayan Cerro Castillo kwalta ta yi mana sallama.
Tsakuwa, tsakuwa, sai taya ta saki numfashi.
Na canza ta, na miƙe ina taƙama,
sai bayana ya ce ƙas, kamar busasshen kara.

Babu gida, babu hayaƙin gida.
Ta ja ni zuwa gado kamar buhun dankali,
ta zura hannu aljihuna ta zare makulli.
Sau uku mota na mutuwa.
Na ce, kuloci, Griselda, a hankali!
Ta ce, Anselmo, shekara nawa na yi a asibiti?
Ban taɓa karɓar umarni daga kan gado ba.

Daga inda nake kwance
duniya ta koma tagar rufi, faɗin faranti.
Gajimare ya shigo, ya fita.
Wani ƙaton tsuntsu ya tsaya cak a iska, bai kaɗa fiffike ba.
Reshe. Ɗigon ruwa yana gudu da baya.
Ashe duk rayuwata ƙeyar motoci nake kallo,
ban san sama ma tafiya take yi ba.

Sauran sai ta bakinta na gani.
Ga makiyayi kan doki, karnuka huɗu, tumaki sun tare gada.
Ga tafki, Anselmo, kamar an jiƙa shuni an manta da shi.
Ramin hanya kuwa ta zage shi tas
da kalmomin da ban san ta ajiye ba.

Tafiyar awa uku ta yi ta a biyar da rabi.
A Río Tranquilo ta kashe inji,
ta rarrafo baya, hannuwanta na rawa,
ta kasa kunna ashana.
Dariya ta kama ta, ta kama ni,
kowace dariya wuƙa ce a ƙuguna, ban daina ba.

Ba mu kai ƙarshen hanyar ba.
Mutane na tambaya, sai in ce saura kaɗan.

Baya ya warke tuni.
Amma kujerar direba na nan inda ta matso da ita,
kusa da sitiyari, daidai gajerun ƙafafunta,
madubi ma ban taɓa shi ba.
Juma'ar da ta wuce ni na riƙe taswira,
na ɓatar da mu har gonar wani mai kiwon zuma.
Ba ta ce komai ba.
Ta sayi kwalba biyu, ta juya mota da hannu ɗaya.