Sandar Awo a Bayan Mabera

An ba ni sanda mai zanen ja da fari,
da littafi mai layuka, da fensir,
aka ce: je ka auno ƙoramar bayan Mabera,
ka faɗa mana gidajen da za ta ci bana.

Na je da bazara, rana na dukan ƙeya.
Ƙoramar ba ta da ko ruwan alwala.
Yashi ne, da leda, da silifa ƙafa ɗaya,
da akuya tana tuƙa a inuwar kwalbati.
Na kafa sanda, na rubuta:
faɗi taku goma sha ɗaya, zurfi bai kai ƙugu ba.
Wani yaro ya ce, "Malam, nan babu kifi."

Arzika mai faci ya ajiye tayar hannunsa,
ya ja ni bayan shago.
Layi uku a jikin bango, ɗaya bisa ɗaya,
kamar zanen mai bin bashi.
"Wanga, shekarad da anka haihi Hajo.
Wanga, shekarad da injin niƙa yan nutse.
Na bisa kuwa..."
Sai ya kai hannu daidai wuyansa,
ya koma ga tayarsa.

Na ƙirga kwalbati bakwai zuwa titi.
Huɗu sun ƙoshi da shara har maƙogwaro,
ɗaya an gina masa teburin mai shayi a baki,
biyu ne ke numfashi, su ma da kyar.

Inna Tumba ba ta karanta lamba ba,
amma tana karanta tururuwa:
in sun ɗauki ƙwai sun hau katanga,
ita ma sai ta ɗora buhun gero bisa turmi.
Ta nuna mini gidan bulo mai koren ƙyaure,
ta ce, "Nan muka wanki muna 'yan mata.
An zuba jar ƙasa, an yanka, an sayar.
Ko an tambayi mai wurin?"
Na ce, wane mai wurin, Inna?
Ta dube ni kamar wanda bai karya kumallo ba.

Da dare na shimfiɗa taswira a tabarma.
Kore na mai barci lafiya,
rawaya na mai barci da kunne ɗaya,
ja na wanda zai kwana a tsaye.
Fensir ya bi gangare yadda ruwa zai bi,
ya ratsa shagon Arzika,
ya shiga zauren da aka ba ni fura ɗazu,
ya tsaya a ɗakin da Hajo ke haddar karatu.
Na nemi abin gogewa.
Na riƙe shi, na daɗe.
Na mayar da shi aljihu.

Kowa idonsa na kan Gulbin Rima,
shi ke da suna, shi ake kai wa baƙi su gani.
Wannan kuwa ko a takarda ba ta da suna.
Raina kama, ka ga gayya.

Na miƙa rahoto, aka buga masa hatimi,
aka ɗora masa wani, aka ɗora wa wanin wani.

Tsakiyar damina, daren Laraba,
ruwan bai kai awa biyu ba.
Da safe na tarar da katifu a kan katanga,
littattafai a baje suna shan rana,
geron Inna Tumba a bisa turmi, a bushe.
Mai gida mai koren ƙyaure na kwarfe falo da tasa.

Arzika bai ce mini komai ba.
Ya ba ni gawayi, ya nuna bango.
Na ja layi na huɗu inda laka ta tsaya,
na buɗe littafina na duba:
na yi kuskure da faɗin tafin hannu ɗaya.

Ban taɓa jin kunyar yin daidai ba
sai ran nan.