Mai Tsaron Ƙofa

Gavril ya kira daga Italiya daren Lahadi,
muryarsa na tsinkewa cikin rurin manyan motoci:
"Ilinca, ki nemo kare kafin ƙanƙara ta sauka.
Ƙato, mai baƙin baki,
wanda haushinsa kaɗai zai sa ɓarawo ya tuna sunan uwarsa."
Na ce to.
Ba a gardama da wanda ke nesa da gida,
tsoronsa ya fi namu nauyi, shi da ba ya ganin sakata.

Surukata Dochia ta ajiye saƙarta.
Ita ɗan mitsitsi take so, mai gashi kamar sabuwar auduga,
irin na ƙanwarta da ke Suceava,
ya kwanta mata a ƙafa, ya ɗumama gwiwar da ke ciwo.
"Ƙaton kare rumbu ne mai ƙafa huɗu," in ji ta,
"wa zai cika shi?"

Mitruț bai ce uffan ba.
Tun ranar da mota ta ɗauke ubansa
kalmomi suka yi masa ƙaura,
sai "i", sai "a'a", sai kallon hanya.

Ranar Laraba muka hau tsauni wajen tsoho Toader,
inda warin cuku da hayaƙi suka riga mu shiga bukka.
Karyarsa na kwance, fara mai dabbare-dabbaren baƙi,
kunnenta ɗaya kyarkeci ya taɓa raba shi biyu.
Kwiyakwiyi shida.
Na farko ya cafke takalmina yana gurnani,
na ce a raina, ga na Gavril.
Wata ta mirgina ta ba ni ciki,
ga ta Dochia, ko da yake wata uku za ta fi ƙarfin cinya.
Sauran suka rufa wa ɓawon burodi.

Ɗaya bai zo ba.
Ya taka a hankali, tafukansa sun yi masa yawa,
ya wuce ni, ya wuce burodin,
ya je ya zauna tsakanin Mitruț da bakin daji,
ya juya wa yaron baya, ya zuba wa itatuwa ido.

Toader ya tofar da tsinken da ke bakinsa.
"Mai cizon takalmi kansa yake tsaro.
Mai ba da ciki, kowa ma nasa ne.
Dubi wanda ya san inda zai ajiye bayansa."
Na tambayi kuɗi. Ya ce buhun masara biyu,
da alkawarin ba za a ɗaure shi da sarƙa ba.

Muka sa masa Brumar, don watan da raɓa ke daskarewa.
Ya cinye igiyar shanya, ya tone mini kabeji,
Dochia ta rantse sau bakwai sai an mayar da shi,
sau bakwai ina kama ta tana miƙa masa ƙashi ta ƙarƙashin tebur.
Da sanyi ya kai sanyi, wani dare ya yi haushi sau uku tak.
Da safe muka ga sawu a bayan garken awaki,
sun zo, sun tsaya, sun koma.

Gavril ya dawo ana saura kwana biyu Ista,
da jaka a kafaɗa da furfurar da ban san ta ba.
Ya ɗora hannu a ƙyauren shinge,
sai ga abin da ya yi oda ta waya
tsaye a gabansa, ƙirji kamar turmi,
babu haushi, babu kaɗa wutsiya.
Mai gida ya ƙame a ƙofar gidansa.

Na buɗe baki, amma an riga ni.
Daga kan matakala, wata murya mai tsatsa,
wadda na kusa manta kalarta:
"Brumar, ƙyale shi.
Babana ne. Namu ne."