Numfashin da Ya Rage

Shekara goma sha tara Nomau na Arlit,
yana jan kamiyo tsakanin rami da rami.
Ya dawo Maraɗi da akwati ɗaya, da tari,
da fanshon da ba ya ganin ƙarshen wata.
Sarewarsa ta ƙuruciya kuwa,
gara ta cinye ta a rufin ɗakin Inna
tun kafin mu kai Inna makwancinta.

Ban tambaye shi ba, ƙanwa ba ta tonon cikin wanta.
Amma wani dare ina tuyar ƙuli-ƙuli
na ji wani abu a bayan katanga
kamar ɗan akuya mai mura.
Na leƙa. Ga shi zaune kan turmi a kife
da guntun tiyon famfo a baki,
ya huda shi da ƙusa mai zafi, huda huɗu,
yana lallashin roba ta yi magana.

Daga ranar na fara ware dala-dala.
Kowace kwalbar man gyaɗa sai ta bar min wani abu
a gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.
Damina ta zo, Gulbi ya cika ya janye,
gwangwani ya daina ƙara in an girgiza.

Ran Litinin na hau kabu-kabu zuwa kasuwa,
na wuce 'yan atamfa, na wuce masu tumatirin Jiratawa,
har inuwar da Ja'e ke shimfiɗa buhunsa.
Na nuna doguwar, mai jar fata da tuntu:
"Waccan nake so, wadda ta fi duka."
Tsohon ya dube ni, bai dubi ƙullin zanena ba.
"Ta fi duka a bakin wa?
Yaro ne ko babba? Ƙirjinsa fa?"
Na ce, "Sau biyu yake hutawa kafin ya kai masallaci."

Sai ya ture doguwar gefe,
ya zaro wata daga aljihun taguwa,
gajeriya, siririya, ba ado ko na zare,
gorar da ta sha hayaƙi shekara uku a rataye.
"Doguwa mai haɗama ce, tana cin iska kamar zugazugi.
Wannan, ko ajiyar zuciya aka ba ta, za ta gode."
Jika huɗu, in ji shi. Na ce biyu, don kada a ce ban taya ba.
Muka tsaya a uku da rabi, ya yi min gyara da gargaɗi:
kada ta kwana a raɓa, a riƙa shafa mata mai kaɗan.
Na yi dariya. Mai dai? A gidanmu?

Na ajiye masa kan tabarma, kusa da ƙwaryar fura.
Ya juya ta, ya sansana,
ya leƙa cikinta da ido ɗaya kamar mai duba rijiya.
"Nawa?"
Na ce, "Sha furarka."

Kwana uku tiyo nake ji.
Na ce a raina, Cima, kin zuba mai a rairayi.

Dare na huɗu aka ɗauke wuta, Bagalam ta yi tsit,
sai muryar ta taso, siririya, ba gargada,
busar da yake wa Inna in tana ɓarar gyaɗa.
Ya kai tsakiya, ya tsaya.
Na jira tari. Ba tari ba ne.
Hanyar ce ta ɓace masa.

Ni ban iya busa ba, ban taɓa iyawa ba.
Na dai ja itace baya daga murhu,
na rufe baki, na ƙarasa sauran da hanci,
na tura masa ta saman katanga.
Shiru.
Sannan ya ɗauka daga inda na ajiye.

Ƙuli-ƙulin kaskon nan ya ƙone ƙurmus,
ko kaji da safe sai da suka yi shawara.
Tiyon kuwa, jikan maƙwabta ya tsince shi a bola,
yanzu shi ke hana mu barcin rana.