Gwangwani Bakwai a Kan Katanga

Ranar da Ɗantala mai kayan miya ya ce
albasa uku ɗari biyar,
na juya ɗaya a tafin hannu kamar mai tayin zinare,
na ce, "Daga Makka aka kawo ta?"
Ya ce, "Daga 'Yankaba, Malam. Je ka ji da kunnenka."

Na dawo Gwammaja da ukun a aljihu.
Na kifa turmi na zauna,
na ɗauki wuƙar Kubura,
mai tsagaggiyar ƙotar nan da aka ɗaure da zaren buhu.
Wata tara ke nan ina koyon miya,
har yau gishiri gardama yake yi mini.

Na sare gindin, mai ɗan busasshen gemu,
na ɗaga hannu zan wurga shara,
sai hannun ya ƙi.

Shekara talatin da ɗaya ina yi mata dariya.
Gwangwanayen tumatir a jere kan katanga,
kowanne ƙusa ta huda masa gindi,
ni kuwa in wuce in ce, "Sarkin noma,
yaushe mota za ta zo kwasar amfani?
A dai tuna da zakka."
Ba ta tankawa.
Sai ta tsinko lawashi biyu ta yayyanka a kan wake,
in ci, in suɗe yatsa,
in manta wanda ya yi ba'ar.

Suna nan inda ta bar su.
Tsatsa ta ci bakinsu,
ƙasar ciki ta ƙeƙashe kamar idon mai bin bashi.
Na farfasa ta da cokali.
Na roƙi kashin awaki a gidan Iya Tabawa,
ta dube ni sama da ƙasa,
ta miƙo a leda, ba ta tambaya ba.

Kwana huɗu gindayen na zaune cikin murfin kwalba,
ruwa iya gemu, kada ya kai wuya.
Haka na tuna tana yi,
ko kuwa haka nake zato.
Biyu suka ruɓe, ɗaki ya ɗauki wari.
Na ukun, ran Laraba bayan asuba,
ya turo saiwa farare kamar zaren ɗinki,
a tsakiyarsa wani ɗan kore ya leƙo
kamar yaro ta kafar ƙyaure.

Ruwan unguwar nan na mai kura ne,
kowace jarka da kuɗinta,
shi ya sa nake alwala a kan gwangwani:
abin da ya zubo ta gwiwar hannu, rabonta ne.
Sau biyar ya yi mata yawa, ta soma rawaya.
Muka shirya a kan asuba da magariba.

An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Na shaida.
Ruwan alwala na shayar da ita,
da yajinta ta fito.

Ta kai tsawon taƙi,
akuyar Iya Tabawa ta shigo karɓar kuɗin takinta,
ta aske ta tas, ta fita tana tauna.
Na zagi akuya har kakanninta.
Mako guda, sai ga kore ya sake leƙowa,
ko fushi bai yi ba.

Yanzu bakwai ne, duk a cike.
Ba sa yin kai, sai 'yan ƙanana kamar goro,
Ɗantala ba zai yi asarar ciniki ba.

Jiya Sa'ade ta zo da yaranta.
Ta tsaya a bakin zaure tana kallon katanga,
jakarta a kafaɗa, ta kasa saukewa.
Na tsinko biyu, na yanka mana a kan wake.
Ta share ido da gefen mayafi,
ta ce, "Albasa ce, Baba."

Lawashi ba ya sa hawaye.
Ta sani, na sani.
Na tura mata kwano,
ta ci loma ɗaya, ta ce gishiri ya yi yawa.