Wanda Ya Faɗi Ba a Fili Yake Ba

Tun asuba muka bar Agege,
ni da Gambo, autana, da jakar leda.
A ciki gora biyu da suka kwana a firji,
lemu huɗu, ƙwayar hawan jini a aljihun gaba,
da malafar da Ladi ta ce
ta mai da ni mai kiwon awaki.
Na ce mata makiyayi ma yana son ransa.

Danfo ya zube mu a Obalande,
muka taka zuwa Onikan.
Kuɗina na raba su gida biyu,
rabi a safa, rabi a aljihu,
don Ikko ba ta sallama kafin ta ɗauka.
Na rubuta lambata da biro a damtsen yaro:
in taro ya raba mu, ƙofa ta uku, gindin fitila,
kada ka neme ni, tsaya, ni zan neme ka.

Ga Tanimu can, tara a bayan riga,
ƙwallo mai siffar gwanda a hammata,
ƙarti na bin sa kamar ya ci bashinsu.
Duk sanda suka haɗa kai suka dunƙule
haƙarƙarina ne ke amsawa.
Na zo da addu'a cike da baki saboda ƙasusuwansa,
ban tanadi ko ɗaya ba saboda mu 'yan kallo.

Ranar Ikko ba ta gashi irin ta gida,
dafa mutum take, da murfi a rufe.
Gumi ya fito ya ƙi bushewa.
Ina kurɓa ko ban ji ƙishi ba,
ina miƙa wa Gambo, yana turewa,
sai da na ce ko ka sha ko mu koma.
Mai shinkafa ta gifta, ƙudaje na yi mata rakiya,
ciki ya ce saya, na ce ba da ni ba.
Muka ɓare lemu.

A gefena wani dattijo, Baba Akande,
tun hantsi yake ihu, ba hula, ba ruwa.
Ana tsakiyar wasa na uku ya yi shiru.
Shirun ne ya sa na waiwaya.
Leɓe ya bushe, ido ya juye,
ya sulale kamar buhun da aka kwance wa baki.

Na ce jama'a a ja baya, a ba shi iska!
Muka ɗauke shi zuwa inuwar rumfa,
muka ɓalle maɓallan rigarsa,
ruwan sanyi a wuya, a hammata,
malafar kiwo ta koma mafici.
Gambo ya ruga kiran masu agaji.
Ba mu ɗura masa ko ɗigo ba
sai da ya buɗe ido ya iya haɗiya da kansa.

Daidai nan filin ya ɗauki sowa.
Wai Tanimu ya dire ƙwallo bayan layi.
Ni ina durƙushe, gora a hannu,
ina kallon maƙogwaron wani yana motsi.

Da aka tashi ba mu bi turmutsitsin ƙofa ba,
mun zauna har hanya ta sarara.
Tanimu ya iso, laka har kunne,
gwiwa ɗaya a kuje, haƙoransa duk suna nan.
Baba, ka gani?
Na ce na gani.

Gambo ya dube ni.
Na miƙa masa lemu na ƙarshe.